Sayen amfilifayar gita: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Gitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya. In ka kaɗa ta ba amfilifaya, abin da za ka ji bai wuce ƙarar tsirkiya 'yar siririya ba, wadda ko na bakin ƙofa ba zai ji ba. Shi ya sa wanda ya zuba duk kuɗinsa a gita ya ce amfilifaya ko wace iri ce ta yi, yakan koma kasuwa kafin wata uku. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu koyo da masu kiɗan biki suka fi yi. Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet an rubuta su ne don mutanen da ba a ɗauke musu wuta, kuma mai gyara yana bayan layinsu. Amsoshin nan kuwa da wutarmu da ƙurarmu da janaretanmu aka auna su.

Mene ne ainihin aikinta? Sifikar biki ko ta wa'azi ba za ta iya ba?

A ƙarƙashin tsirkiyoyin gita akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta girgiza, sai ya haifar da 'yar wuta mai rauni ƙwarai. Amfilifaya tana karɓar wannan wutar a mataki biyu. Matakin farko yana ɗaga ta kaɗan, yana kuma ba ta launi: a nan maɓallan Gain (mai ƙara wa sauti kaushi) da Bass da Middle da Treble (masu daidaita kauri, tsakiya da tsinin sauti) suke aiki. Mataki na biyu yana ba ta ƙarfin da za ta iya tura takardar sifika gaba da baya.

Sifikar gita da gangan ake ƙera ta da kasawa. Ba ta fitar da sauti mai tsini sosai. Da an haura kusan haz 5,000 (haz shi ne ma'aunin yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya) sai ta fara janyewa. Wannan kasawar ce ke sa gita ta yi daɗi, domin tana tace ƙaiƙayin da ke saman sautin. Sifikar biki kuwa tana da ƙaramin ƙaho mai fitar da komai. In ka soka gita kai tsaye cikin miksa, sauti zai fita, amma busasshe, kuma da ka ƙara masa kaushi sai ya koma kamar tarin ƙudan zuma a cikin gwangwani. Ana iya yi a kan lalura. Daɗi ne dai babu.

Mai kwalba, mai tiransista, ko ta dijital: wacce zan ɗauka?

Wannan ita ce tambayar da ake yi wa musu har dare ya raba, kuma ita ce wurin da mutum ya fi saurin asarar kuɗinsa.

Mai kwalba ita ce ta asali. A cikinta akwai kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila, irin na tsohuwar rediyon kakanninmu da sai ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Ƙanana irin 12AX7 suna matakin farko, manya irin EL84 da EL34 da 6L6 da 6V6 suna matakin ƙarfi. Abin da ya sa makaɗa ke mutuwa a kanta shi ne yadda take amsa hannu: ka taɓa a hankali ta yi garau, ka danna da ƙarfi ta yi gurnani mai laushi, ba tare da ka murɗa komai ba. Wanda ya taɓa kaɗa Fender Deluxe Reverb mai wat 22 a buɗe ya san abin da ake nufi.

To amma ga ɗawainiyarta. Tana da nauyi, tana zafi, ba ta son jijjiga, kuma kwalaben suna tsufa. Wanda yake kiɗa kowane mako yana iya buƙatar sauya manyan kwalabe bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma a yawancinsu sai an daidaita wutar da ke shiga sababbin, aikin da ba kowane mai gyaran rediyo ya iya ba. Su kansu kwalaben a ƙasashe ƙalilan ake ƙera su yanzu, galibi Rasha da Sulobakiya da Sin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, sai da suka yi tsada suka yi wuya har a Amurka da Turai, balle a nan.

Mai tiransista ba ta da wannan shagwaɓar. Ka kunna ta yi magana nan take, ka ɗora ta a bayan a-kori-kura ta iso lafiya, kuma in ta lalace mai gyaran amfilifayar masallaci ma yana iya duba ta, don kayan cikinta ba baƙi ba ne a wurinsa. Masu raina ta su tuna Roland JC-120, wadda ta fito a 1975 kuma har yau ana ƙera ta, manyan makaɗa na hawa dandamali da ita saboda sautinta garau kamar ruwan randa. Peavey Bandit ma haka take, jakar aiki ce.

Ta dijital kwamfuta ce a ciki mai kwaikwayon sautin sauran. Tun da Line 6 ta fito da POD a 1998 wannan fasahar ke ta gyaruwa, kuma irin su Boss Katana, da ta fito a 2016, da Fender Mustang sun kai matsayin da mai sauraro a filin biki ba zai bambance su da ta kwalba ba. Kana samun amo da maimaici da kaushi duk a akwati ɗaya, ba sai ka sayi feda ba, wato ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa. Rauninta ɗaya ne, amma babba: in wuta ta ƙona allon cikinta, sau da yawa ba gyara sai sauyi, kuma sai an yi odarsa daga waje.

Ra'ayina: mai koyo ya ɗauki ta dijital ƙarama, ya kare ta daga wuta. Mai yawon biki gari-gari da janareta ya ɗauki mai tiransista. Mai kwalba ta wanda yake da situdiyo ce, ko wanda ya riga ya san sunan mai gyaran da zai kai wa tun kafin ya biya kuɗi.

Wat nawa zai ishe ni?

Ƙasa da yadda kake zato. Kunne ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa. In ka tashi daga wat 50 zuwa wat 100, ƙarin da za ka samu desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙara, wato ɗan ƙari da za ka lura da shi amma ba zai girgiza ka ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin sau goma. Ke nan mai wat 100 ba ta fi mai wat 10 ƙara sau goma ba, sau biyu ne kawai.

A ɗaki, wat 5 zuwa 20 ya wadatar, kuma ko shi ɗin ba za ka iya buɗe shi duka ba sai maƙwabta sun yi maka sallama. In za ka yi kiɗa tare da mai gangunan bature, nemi wat 15 zuwa 30 na kwalba, ko 50 zuwa 100 na tiransista ko dijital. Bambancin ya zo ne daga yadda kowacce take yi in an matsa mata: ta kwalba in ta kai maƙura sai ta ƙara daɗi, ta tiransista kuwa in ta kai maƙura sai ta fara tsagewa, don haka ana ba ta sarari.

A fili kuma lissafi yana sauyawa, domin babu bangon da zai dawo maka da sauti, iska ce ke kwashe shi. Duk da haka maganin fili ba ƙatuwar amfilifaya ba ne. Maganinsa makirfo: a kafa shi a bakin sifikarka a tura sautin cikin manyan sifikun taron. Haka ake yi a manyan dandamali na duniya.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: lambar da ke jikin kwali. Za ka ga akwati kamar na takalmi an rubuta wat 1,000 ko 2,000, a gefe da ƙananan haruffa PMPO. Wannan lambar talla ce. Lambar da za ka nema ita ce mai RMS a gefenta, don ita ce ke nuna ainihin ƙarfinta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Girman sifika fa, yana da tasiri?

Yana da shi, har ya fi na wat a wasu lokuta. Inci 8 ta zaman ɗaki ce, sautinta yana da ƙunci. Inci 10 tana da kaifi da saurin amsawa. Inci 12 ita ce ma'aunin da kusan kowa ya tsaya a kai, domin tana da ƙirji. In kana da zaɓi tsakanin wat 30 mai inci 12 da wat 40 mai inci 8, ɗauki ta farko ba tare da dogon tunani ba. Kuma sifika mai kyau, irin na Celestion ko Jensen, tana iya sa ƙaramar amfilifaya ta fi babba ƙara, saboda ba ta ɓarnar wutar da aka ba ta.

Haɗaɗɗiya zan saya, ko mai kai daban da akwatin sifika daban?

Haɗaɗɗiya. Mai kai daban da akwati mai sifika huɗu tana da kwarjini a hoto, amma ka tambayi kanka wa zai ɗauka, kuma a wace mota. Ko a cikin haɗaɗɗun ma ka duba nauyi: Fender Twin Reverb da Roland JC-120 kowacce ta kusa kilo 30, Katana mai wat 50 kuwa ba ta kai kilo 12 ba. Wanda zai hau babur da kayansa ya san wacce ce tasa.

Na ga tokumbo mai kyau da araha, amma an ce ta Amurka ce. Akwai matsala?

Akwai, kuma ita ce ta fi kashe amfilifaya a ranar farko. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, duka a kan haz 50. Ta Amurka da Kanada bolt 120 ce a kan haz 60, ta Japan kuma bolt 100. Yawancin amfilifayoyin gita an ƙera su ne don wutar ƙasa ɗaya, ba kamar cajar waya ba da ke karɓar kowace iri. In ka soka mai bolt 120 a soket ɗinmu, in ka yi sa'a fis ne zai tafi, in ba ka yi ba taransifomar ciki ce, ka ji wari ka ga hayaƙi.

Kafin komai, juya bayanta ka karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. Kada siffar fulogi ta ruɗe ka, domin masu sayarwa kan yanke na asali su ɗaura namu mai baki uku, wutar ciki kuwa tana nan yadda take. In an rubuta 100 zuwa 240, ka huta. In 220 ko 230 ko 240 ce, ta Turai ce ko Ingila, ta yi. In 120 ko 100 ce, sai da taransifomar rage wuta, kuma ka sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta amfilifayar tana ja. Ka lura da Roland da Yamaha da suka biyo ta Japan, don mutane kan ɗauka 120 ne alhali 100 ne.

Ni dai in da hali ina guje musu. Ba don ba sa aiki ba, sai don wata rana za ka ba wani aro, ko yaronka ya haɗa kaya a gaggauce, ya manta da taransifomar. Sau ɗaya ake mantawa.

Da janareta muke kiɗa. Me ya kamata in sani?

Ƙananan janaretocin da ake haɗa musu fetur da baƙin mai ba su da abin daidaita wuta. Wutarsu tana hawa tana sauka gwargwadon nauyin da ke kansu, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka kashe wani abu mai jan wuta, ko mai ya kusa ƙarewa inji ya fara shaƙewa yana zabura. A wannan zaburar kaya ke ƙonewa.

Ka riƙe wannan tsarin kamar alwala. A tada janareta tukuna, a bar shi ya daidaita minti ɗaya ko biyu, sannan a kunna amfilifaya. In an tashi, amfilifaya ake fara kashewa, sannan janareta. Kada ku haɗa layi da firiji ko injin daskarar da ƙanƙara ko dutsen guga, domin duk sanda suka tashi sai sun fizgi wutar. A sa sitabilaiza a tsakani, mai jinkirin kunnawa in an samu, don ko wutar Nepa ce in ta dawo takan zo da ƙarfi a daƙiƙun farko. Kuma a sa wani ya riƙa duba mai, kada a bari inji ya mutu da kansa kaya na kunne.

Masu sola da inbata su duba irin inbatar. Mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wadda aka rubuta wa pure sine, ita ce ta dace. Mai arahar tana sa amfilifaya ta riƙa zuzu, tana kuma zafafa taransifoma. Abin daɗin shi ne amfilifayar tiransista ko dijital ba ta cin wuta sosai, ƙaramar inbata ma tana ɗaukar ta. Ta kwalba kuwa ko ba ka kaɗa komai ba tana shan wuta, don dole kwalaben su zauna da zafinsu.

Akwai mai aiki da batir?

Akwai, kuma ga mai koyo a unguwar da wuta ke zuwa ziyara kawai, tana iya fin kowacce amfani. Roland Micro Cube da Blackstar Fly 3 suna aiki da ƙananan batir shida masu lamba AA. Roland Cube Street tana da wurin gita da na makirfo, ta isa zaman hira a tsakar gida ko ƙaramin taro. Ba za su yi gogayya da ganguna ba, amma amfilifayar da kake iya kunnawa kullum ta fi wadda ke jiran a kawo wuta.

Fender, Marshall, Vox: mene ne bambancinsu?

Waɗannan sunaye uku su ne tushen kusan duk sautin da ta dijital ke kwaikwayo, don haka sanin su yana da amfani ko ba za ka saye su ba. Fender ta Amurka ce, an san ta da sauti garau mai faɗi, ƙasa cike, sama yana walƙiya. Twin Reverb mai wat 85 ita ce misalinta. Vox ta Ingila ce, AC30 ɗinta tun ƙarshen shekarun 1950 take, sautinta kamar ƙararrawa, tana saurin shiga kaushi mai daɗi. Marshall ma ta Ingila ce, Jim Marshall ya fara ƙera ta a Landan a 1962, kuma tsakiyar sauti ce ƙarfinta, ita ce muryar kiɗan rok.

Sai dai suna ba ya kiɗa. Kowane ɗayan kamfanonin nan yana da ƙananan amfilifayoyin araha waɗanda ba abin da ya haɗa su da manyan sai tambarin goshi.

Ina son sauti irin na makaɗan Agadas. Wace iri ce ta dace?

Salon gitar Abzinawa, irin wanda Bombino da Mdou Moctar da ƙungiyar Etran de l'Aïr suka kai wa duniya, a wuraren biki ya girma, a fili, da kayan da aka samu. Yatsu ne ke gudu a kan tsirkiya, ana barin wata a sake tana amo a ƙasa, ganga da tafi suna kora. Abin da wannan salon ke buƙata shi ne kowace taɓawa ta fito daban, kada su cakuɗe. Don haka nemi amfilifaya mai sauti garau da sararin ƙarfi, mai inci 12, ka ɗaga Middle da Treble kaɗan, ka rage Bass don kada tsirkiyar da ke sake ta rufe sauran. In kana son zafin da ake ji a kiɗan Mdou Moctar, ƙara kaushi da feda, kaɗan-kaɗan. Kuskuren masu koyo shi ne su murɗe Gain har ƙarshe, sai saurin yatsun ya narke ya zama kunu.

Masu kiɗa a majami'u a Jos ko Kaduna, da masu salon hailaif ko na Kwango, su ma nan buƙatarsu ta dosa: sauti garau, ɗan amo, ɗan maimaici.

Zan iya haɗa gitar bes, ko piyano, ko makirfo a cikinta?

Bes, a'a. Takardar sifikar gita ba a yi ta don irin wannan dogon motsin ba, in ka buɗe ƙara za ta yage. Piyanon lantarki zai yi magana amma a shaƙe. Makirfo zai yi kuwwa, muryar kuma ta fito kamar daga cikin tulu. Gitar katako mai soket ita ma ta fi son amfilifayarta daban ko miksa. In dole abu ɗaya za ka saya don duka, amfilifayar piyano ko ƙaramar sifika mai miksa a jiki ta fi, sai ka haɗa gitar ta cikin feda mai kwaikwayon amfilifaya.

Sabuwa ko ta hannu? Yaya zan gwada kafin in biya?

Ta hannu mai asali ta fi sabuwa marar asali, in ka iya gwaji. A Kano ana samu a shagunan kayan sauti na Sabon Gari, amma yawancin kayan ta Legas suke biyowa, daga kasuwar Alaba. In za a aiko maka daga nesa, sami wanda ya iya gita ya je ya gwada a madadinka. Bidiyon da mai kaya zai turo maka ta WhatsApp ba gwaji ba ne. Ba a cinikin biri a sama.

Tafi da gitarka da wayarka, kada ka dogara da na shago. Ka fara kunna ta ba tare da ka soka komai ba, ka buɗe ƙara rabi, ka saurara. Ɗan huci kaɗan ba laifi. Gurnani mai kauri da ba ya sauyawa ko ka rage ƙara alama ce ta cewa kayan tace wuta na ciki sun gaji. Sannan ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar ƙwas-ƙwas yawanci ƙura ce, feshi yana maganinta, kuma hujja ce ta neman ragi. Maɓallin da sauti ke yankewa gaba ɗaya a tsakiyarsa kuwa sai an sauya.

Soka gita, ka girgiza jak ɗin a bakin soket, ka ji ko yana yankewa. Kaɗa tsirkiya mafi kauri ita kaɗai, da ƙarfi, ka bar ta ta mutu da kanta. In ka ji shashsheƙa ko kaɗawa kamar an sa takarda a fanka, sifika ta taɓu, ko wani abu ya kwance a akwatin. Leƙa ta baya da fitilar waya: takardar sifika ba yagewa, ba facin gam? Sunan da ke jikin maganaɗisun ya dace da amfilifayar, ko an cire ta asali an sa wata? Wannan ana yi sosai. Zare fis ka duba. In ka tarar an naɗe shi da waya ko takardar sigari, ka san akwai abin da ke ƙona shi, aka toshe bakinsa maimakon a gyara. Shinshina ramukan iska, warin ƙuna ba ya ɓuya. Kusoshin da kawunansu suka cinye suna gaya maka sau nawa aka buɗe ta.

Abu na ƙarshe, kuma shi mutane suka fi tsallakewa don kunya: bar ta a kunne minti ashirin zuwa talatin kana kaɗawa. Laifuka da yawa sai ta yi zafi suke fitowa. Kuma ka roƙi a bar ka ka buɗe ta sosai ko na minti ɗaya ne. Mai kayan da ya hana ka wannan, ya ba ka amsa.

Akwai jabu?

Akwai. Tambari abu ne mai sauƙin mannawa. Rubuta sunan samfurin a intanet ka kwatanta hoton da abin da ke gabanka: yawan maɓallai, jerinsu, rubutun baya, lambar kaya. In samfurin babu shi sam a shafin kamfanin, ko nauyinta ya yi sauƙi fiye da kima, ka aje. Marar suna da ta fito a matsayin marar suna ba laifinta, in ta yi maka daɗi kuma kuɗinta daidai. Wadda ta ari sunan wani ce abin gudu.

Tawa tana zuzu, kuma wani lokaci makirfo yana jan leɓena. Lalacewa ta yi?

Zuzu iri biyu ne. In yana raguwa sa'ad da ka juya jikinka ko ka matsa daga kusa da amfilifayar, daga gitar ne: masu maganaɗisu siriri irin na gitar Fender Stratocaster suna kwasar hayaniyar wuta, musamman kusa da fitilu masu araha da cajar waya. In yana ɓacewa da ka taɓa tsirkiya, yawanci wannan ma ba abin tashin hankali ba ne. Gwada wata wayar kafin ka zargi amfilifaya, don waya marar kyau ita ce mai laifi a mafi yawan lokuta.

Jan leɓe kuwa ba abin wasa ba ne. Yana nufin babu wayar ƙasa a layin, ko an karya baki na uku na fulogi, ko kayan gita da na makirfo suna kan layuka daban. Hannunka yana kan tsirkiya, bakinka ya taɓa makirfo, kai ka zama hanyar wuta. Makaɗa sun rasa rayukansu ta haka a kan dandamali. A tsaya, a haɗa duk kayan sauti a layi ɗaya mai wayar ƙasa ta gaske, a kira mai aikin wuta. A damina, kada a yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Mene ne om 4, 8 da 16 da ke bayanta?

Ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya ne. Mai haɗaɗɗiya ba ruwansa da shi sai ranar sauya sifika ko ƙara wata. Ƙa'idar: mai kwalba a ba ta daidai lambar da ta nema, kuma kada a kuskura a kunna ta ba sifika a haɗe, domin taransifomarta za ta iya ƙonewa. Mai tiransista kada a ba ta ƙasa da lambar da aka rubuta. Sifika biyu masu om 8 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma 4, ba 16 ba. Kuma wayar gita ba ta zama wayar sifika, ko da bakinsu iri ɗaya ne.

Yaya zan kula da ita?

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba. A ɗinka mata riga, tela kowane iri zai iya, a rufe ta duk sanda ba ta aiki, amma a cire rigar gaba ɗaya in an kunna. Kada a jingina bayanta da bango, kada a bar ta a rana ko a cikin mota a rufe a watan Afrilu. A damina a ɗora ta a kan benci. Mai kwalba a bar ta ta huce kafin a ɗaga.

Kada ka buɗe cikin mai kwalba da kanka. Wutar da ke ciki tana iya haura bolt 400, kuma tana iya zama a ajiye ko bayan an zare fulogi.

Dole ne ma in sayi amfilifaya?

Ba dole ba. In duk inda kake kiɗa akwai miksa da sifiku masu kyau, feda mai kwaikwayon amfilifaya, irin na Zoom ko Boss ko Line 6, ta ishe ka, kuma tana shiga jakar goyo. A gida sai ka saƙala abin ji a kunne. Matsalar tana zuwa ne ranar da ka je taron da babu sifikar da ke fuskantar makaɗa, ka tsinci kanka kana kiɗa ba ka jin kanka, mai miksa kuma ya tafi cin abinci.

Nawa zan ware?

Farashi yana bin dala, don haka zagaya shago uku a rana ɗaya kafin ka buɗe baki. Abin da ba ya sauyawa shi ne rabon kuɗin. In gita da amfilifaya za ka saya tare, raba kusan biyu daidai. Gita matsakaiciya a amfilifaya mai kyau ta fi gita mai tsada a amfilifayar banza daɗin ji. Daga kason amfilifayar kuma ka cire na sitabilaiza, da waya mai kyau guda biyu, da fis na ajiya daidai lambar wanda ke ciki, da kuɗin tela. Abin da ya rage shi ne za ka shiga kasuwa da shi. In ta hannu ce, ka nemi mai kaya ya yarda da kwana biyu ko uku na gwaji, a rubuta a bayan rasit.